Kaset na Sha Bakwai

A danginmu kaf, daga Gwarzo har duk inda Allah Ya watsa mu, ba a taɓa haifar mai tattalin kaya irin Yaya Falalu ba. Keken da Baffa ya saya masa ranar da ya shiga sakandare sai da ya shekara goma sha ɗaya da ledarsa a jikin sirdi. Da ledar ta dafe ta fara yagewa, sai ya samo wata ledar ya naɗe ta, don kada ta asalin ta lalace. Takalmin da ya yi angwanci da shi har yau yana nan. An sake masa ƙasa sau shida, an sake sama sau biyu, amma ka kuskura ka ce ai wannan ba takalmin ba ne kuma, sai ya dube ka kamar ka zagi mahaifinsa. Wayarsa kuwa rakani-kashi ce mai tocila a ka, an ɗaure bayanta da roba. In ta yi ƙara a masallacin unguwar Lozells a Birmingham, har liman ya san ta Falalu ce, don duk faɗin Ingila babu wayar da ke irin wannan kukan.

To wannan bawan Allah ne aka ɗauko daga kwalejin horar da malamai inda yake koyar da tarihi, yana da shekara hamsin da ɗaya, aka ba shi scholarship, aka turo shi Birmingham ya yi digiri na uku. A kan me? A kan yadda ƙin sake makami ya ka da daular Songhai. Ranar da labarin ya iso gida, gwaggonmu ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗa cikin kunu.

Suka kama ɗan flat a Perry Barr, shi da matarsa Raki. Yaransu duk sun girma, suna gida. Ba a yi wata biyu ba ɗaliban arewa suka gano cewa Raki na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka ranar Lahadi, sai gidan ya zama masauki. Tuwon kyauta ne, amma duk wanda ya ci sai ya halarci yaƙin Tondibi.

“Ku dubi nan,” in ji Falalu, ya jawo kwanon miya tsakiyar tebur. “Wannan rundunar Askiya ce, sarkin Songhai. Mutum dubu talatin, wasu sun ce sun fi. Masu, kibau, takubba, kowa da irin makamin da kakansa ya bar masa. Wannan kuma,” sai ya dire ’yar kwalbar yaji, “mutanen Maroko ne. Ba su da yawa, sun keto hamada, ƙishi ya cinye wasunsu a hanya, amma da bindiga a hannunsu. Shekarar 1591.”

Daga nan sai ya bi hannun kowa ya ƙwace cokali, ko da loma a kai.

“Waɗannan shanu ne. Aka koro su a gaba, wai su tattake abokan gaba. Bindiga ta ce dam! Shanu suka ce mu ba mu san wannan ba, suka juyo kan masu su.”

Cokula su watse, miya ta fallatsa wa mai tsautsayi, daula ta rushe. Raki ta leƙo daga kicin ta ce, “Malam, in shanun nan sun gama yaƙi a dawo mini da su, wanke-wanke nake.”

Akwai wani ɗalibin injiniya da ya rantse sau tamanin da uku daular Songhai ta faɗi a gabansa kafin ya gama masters.

Amma kada dariya ta sa a raina mutumin. Tambayar da ta hana shi sakat tun yana saurayi tambaya ce ta gaske. Songhai ba ƙauye ba ce. Fatakenta na keta hamada suna dawowa, malamanta na zuwa Makka, ba za a ce ba su taɓa jin labarin bindiga ba. To me ya sa suka tsaya a kan mashi da kwari? A shekarar 2004, lokacin yana masters, ya ɗauki ’yar rikodarsa ya bi gaɓar kogin Kwara a ƙasar Nijar, gari-gari, yana zama gaban tsofaffin da ke riƙe da tarihin kakanni. A Ayoru ya samu wani Tsoho Hamani, wanda idonsa ya tafi amma kansa na nan garau. Tsohon nan ya ce masa, abin da ya ji daga kakansa shi ne, manyan mayaƙan ne suka ƙi. Wai bindiga ba ta san ɗan wane ba, bawa ma sai ya ɗana ta ya ka da ɗan sarauta daga nesa, ba tare da ya kalli ƙwayar idonsa ba. Kuma makamin da iyaye suka ci ƙasa da shi, wa ya isa ya ce a ajiye?

Falalu ya ji kamar an buɗe masa ƙofa. A makon nan ya zauna ya kwafe maganar tsohon kalma-kalma cikin littafinsa mai baƙin bango, ya rubuta 17 a jikin kaset ɗin, ya naɗe shi da tsumma, ya jera shi cikin akwatin ƙarfe tare da ’yan’uwansa arba’in da wani abu. Tun daga ranar bai sake kunna shi ba. Ba mantuwa ba ce, aƙida ce. Shi a wajensa murya a kan zaren kaset kamar sabulu take, duk gogawa ɗaya sai ta rage. Abu mai daraja kuwa ba a goga shi.

Akwatin nan ya ga duniya. Ya zauna ƙarƙashin gadon Inna Kubura, mahaifiyarsa, a Gwarzo. Bayan rasuwarta ya koma gidan malamai na kwaleji. Da za a taho Ingila, Falalu ya bar babbar riga uku da bargo don akwatin ya samu shiga jirgi, ya iso Birmingham cikin watan Janairu yana kakkarwa kamar ɗan tsako, amma Tsoho Hamani na cikin tsummansa da ɗumi.

Ɗalibai sun yi magiya har sun gaji.

“Malam, ka kawo a yi digitising ɗinsu mana, a samu backup. Aikin weekend ɗaya ne.”

“Abin da ba na iya riƙewa a hannuna in ji nauyinsa, ban yarda da shi ba,” in ji shi. “Ƙaro miya.”

Haka aka shekara huɗu. Ya rubuta littafinsa da biro, shafi ɗari uku da wani abu, wata mata a jami’ar ta buga masa. Babi na huɗu, wanda shi ne ƙashin bayan aikin, shafi sittin ne, kuma duk a kan maganar Tsoho Hamani ya tsaya.

Ranar viva, wato jarrabawar baka, ya sa takalmin angwanci. Masu jarrabawa biyu suka tsare shi awa uku. Ya amsa, ya yi gumi, har ya so ya jawo kofin ruwan ɗayansu ya mai da shi rundunar Askiya, Allah Ya taimake shi ya tuna inda yake. A ƙarshe wanda aka gayyato daga wata jami’ar, wani dattijon Bature da ya taɓa zama a Yamai, ya cire tabarau ya ce aiki ya yi kyau, sai dai babi na huɗu a kan bakin mutum ɗaya yake tsaye, kuma su ba su ji bakin nan ba. A kawo muryar, a sa ta a na’ura, a ajiye a library inda kowa zai iya saurara. Wata uku. In muryar ba ta zo ba, babin ba zai tsaya ba, in kuwa babin ya faɗi, abin da ya rage bai kai a kira mutum dakta ba.

Falalu ya dawo gida ya zauna gaban akwati kamar mai zaman makoki. Wata huɗu ne ya rage masa na zama a ƙasar ma baki ɗaya. A Gwarzo kuwa tuni an fara kiransa Dakta, har wani ƙanenmu ya sa an rubuta a bayan a-daidaita-sahunsa.

Mako biyar ya yi yana zagaya akwatin. Ya buɗe, ya shinshina, ya rufe. A na shida ya yi ta maza ya ɗauko tsohuwar rikodarsa, ya hure mata ƙura, ya ce bari ya gwada da kaset na arba’in, wanda ba wani abin kirki a ciki. Rikoda ta yi tari, ta yi gurnani, ta fara haɗiyar zare kamar mayunwaci ya samu taliya. Kafin ya cire batir ta ci rabi. Ihun da Falalu ya yi, maƙwabciyarsu ’yar Jamaika ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambaya ko a kira ambulance.

A nan Raki ta ɗaure ɗankwali ta ɗauki wayarta, irin ta zamani, ta kira Bobai.

Bobai mutumin kudancin Kaduna ne, tare suka yi makarantar kwana da Falalu, gado sama da ƙasa. Yanzu injiniya ne a Manchester, yana zaune a Old Trafford da matarsa Celestina, kuma ya cika ɗaki guda da na’urori, yana kwashe tsofaffin kaset na mawaƙan cocinsu yana zubawa a kwamfuta.

“Har yanzu yana da wannan akwatin?” in ji Bobai a waya. “Madam, kawo shi. Shi da akwatin duka, in duba wanda ya fi tsufa.”

Ranar Asabar da safe suka hau coach, doguwar motar Manchester. Direba ya ce a sa akwati a ƙasa wajen kaya, Falalu ya rungume shi ya ce a cikin nan akwai dattawa arba’in, ba za su zauna da jakunkuna ba. Direba ya dubi Raki, Raki ta yi masa alamar ya yi haƙuri, haka Allah Ya ba ta. Awa biyu da rabi yana riƙe da ƙarfen nan a cinya, duk ramin da mota ta faɗa sai ya ce “sannu” a hankali, ba da Raki yake ba. Suka sauka, suka hau tram, jirgin cikin gari, ranar kuwa ana wasan ƙwallo, turawa sun cika shi maƙil da jajayen riguna suna waƙa. Wani ƙato ya tambaye shi ko sandwich ne a ciki. Falalu ya ce masa, “History.” Ƙaton ya matsa masa wuri.

Bobai ya tare su a bakin ƙofa yana tafa hannu.

“Dakta mai jiran gado! Kai, wannan ba takalmin da na raka ka ɗaurin aure da shi ba ne?”

“Shi ne. Kai kuma tumbin nan ba da shi na san ka ba.”

“Celestina ce, je ka yi ƙara. Ku shigo, akwai gwaten acca, babu abin da limaminku zai yi faɗa a ciki.”

Falalu ya ce ba zai iya haɗiyar komai ba sai an ji kaset. Suka shige ɗakin na’urori su huɗu. Ya buɗe akwati, ya warware tsumma, ya miƙa na sha bakwai da hannu biyu. Bobai ya ɗaga shi wajen taga, ya sa biro ya juya zaren kaɗan.

“Bai manne ba, ka yi sa’a. Yaushe rabon da ka kunna shi?”

“Ban taɓa ba, tun da na kwafe.”

“Shekara ashirin? Falalu, ko mota ce aka ajiye haka ai sai an tura. Zauna. Da na danna, yana shiga computer kai tsaye, sau ɗaya zai wuce ta kan na’urar, shi ke nan.”

Ya danna. Aka ji shuuu, sannan ƙarar ruwa, da wani kwale-kwale na bugun gaɓa. Sai ga muryar wani saurayi, siririya kamar ta sauro, yana faɗin kwanan wata da sunan gari. Celestina ta tambaya wane yaro ne wannan, Bobai ya nuna mata mai furfurar da ke zaune ya dafe ƙirji. Sai tsohon ya fara, Hausarsa da gardin Zabarmanci, yana jero sunayen kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Falalu ya rufe ido, leɓensa na bin kowace kalma, don ya haddace su. Minti huɗu aka yi haka.

“To batun bindiga da ka tambaya,” in ji Tsoho Hamani, “bari in faɗa maka abin da kakana ya...”

Ƙwas!

Kogi ya ɗauke. Sai ga zakara ya yi cara, wata na daka can nesa, akuya na kuka. Sannan wata tsohuwa ta yi gyaran murya dab da na’ura.

“Raki, ya fara ɗauka?”

“Ya fara, Inna, yi magana,” in ji wata ’yar murya mai kunya.

“Wannan ba cikin na Falalu kika ɗauko ba?”

“Yana da su da yawa, Inna. Ba ya ma jin su.”

A ɗakin Bobai kuwa, Raki, mai jikoki biyu, ta ja mayafi ta rufe fuskarta har haɓa.

Ga abin da ya faru, don wanda bai san zamanin ba. Kafin waya ta cika gari, tsofaffinmu da ba su rubutu da kaset suke aika wasiƙa. A zauna gaban rikoda a yi gaisuwa, a ba da labarin gida, a ba wa maniyyaci ya kai. Bara’u, ƙanen Falalu, tela ne a Jidda. Shekarar 2006 wani maƙwabci zai tafi Umra da asuba, Inna Kubura na son aika saƙo, Falalu ba ya gari, shagon mai kaset a rufe, ga akwati cike a ƙarƙashin gadonta, ga suruka mai son a yabe ta.

“Salamu alaikum, Bara’u,” in ji Inna. “Ni ce. Ina gajiya, ina zafi, an ce zafinku ya fi namu. Kowa lafiya. Jar akuyar nan ta haifi biyu, ɗaya ya mutu. Katangar bayan gida ta faɗi, an tayar. Man zafin da ka aiko ya ƙare, ƙafar kuwa ba ta ƙare ba.”

Inna ta rasu shekara goma sha uku ke nan. Babu wanda ke da muryarta, ko ta minti ɗaya. Bobai ya kai hannu zai tsayar, Falalu ya riƙe masa wuyan hannu.

Ta gaida mutum ya fi hamsin, kowa da sunansa da na uwarsa. Ta yi faɗa a kan wata hula da Bara’u ya aiko wadda ba ta shiga kan kowa ba. Ta tsaya ta kori kaza. Can ta gangaro kan babban ɗanta.

“Yayanka kuwa yana nan yadda ka san shi. Ya je ƙasar Zabarmawa ya dawo da akwati guda na surutun tsofaffi, ya tura mini ƙarƙashin gado, ko shara ba na iya yi. Wai yana binciken abin da ya ka da waɗansu sarakai da suka mutu tun kakan kakana bai zo duniya ba. Na ce Falalu, ko ka gano, tashi za su yi? Ya ce a’a Inna, don na gaba su ji. To. Ka dai riƙa sa shi a addu’a in ka shiga Harami. Yaron nan tun yana ƙarami in na ba shi ƙosai sai ya ɓoye a aljihu har ya yi tsami, wai kada ya ƙare. Amma duk cikinku shi ne bai taɓa ɓatar mini da ko allura ba. In na ba shi ajiya, barci nake.”

Celestina ta fita a hankali ta dawo da tissue, ta ajiye kwalin a tsakiya ba ta ce na wane ne ba.

Zaren ya kusa ƙarewa sai Inna ta ce, “Kai, Raki, na manta ban gaida surukarsa ba, kuma na cika zancen Falalu, Bara’u zai ce na fi son wani. Mayar da wannan inda yake. Ɗauko wani mu sake.”

Ƙwas. Kaset ya tsaya.

Falalu ya juyo a hankali.

“Wani kuma?”

Daga cikin mayafi aka ce, “Na sha takwas ne, Malam.”

“Na sha takwas da na ce ya faɗa kogi? Wanda na shekara ashirin ina zargin mai kwale-kwale?”

“Yana Jidda.”

Bobai ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah Ya sani. Ya cije leɓe, ya kalli silin, sannan ya zame daga kujera ya kwanta a ƙasa yana dukan kafet. Falalu ya buɗe baki zai yi faɗa, abin da ya fito rabi dariya ne rabi kuka, har Raki ta leƙo da ido ɗaya ta ga ko lafiya.

Aka juya ɗaya gefen, ko tsohon ya maimaita. Ina! Minti arba’in da biyar Tsoho Hamani ya yi yana ba da labarin ciwon gwiwarsa da wata dorina da ta addabi gonar shinkafarsa. Ko kalmar bindiga bai sake furtawa ba.

Da suka zauna cin gwaten, wanda ya riga ya huce, Bobai ya goge ido ya ce, “To yanzu deadline saura mako shida. Bari in faɗa maka abin da wani zai yi, ban ce ka yi ba. Kana da maganar a rubuce. Kana da minti huɗu na muryarsa, da arba’in da biyar na dorina. Akwai software yanzu da zai koyi muryar, ya karanta littafinka da bakin tsohon, har da tarin. Baturen nan ba zai taɓa ganewa ba. Kuma ba ƙarya ka ƙirƙira ba, ya faɗa.”

Falalu ya ajiye cokali. Mu da muka san shi mun san abin da ke kan sikeli: shekara huɗu na sanyi, da Gwarzo da ke jira, da bayan a-daidaita-sahu. 

“Ya faɗa,” ya ce. “Amma sau ɗaya ya faɗa, a ƙofar gidansa, bayan ya ba ni fura da hannunsa. Ba zan tashe shi daga kabari in sa shi aikin da bai sani ba. Kwashe sauran dai, duka. Yau.” Ya juyo wajen Bobai. “Wancan kuma, na Inna, in an sake kunnawa a computer, yana raguwa?”

“Ko sau dubu ka ji, yana nan yadda yake.”

“To sa mini daga wajen akuyar.”

Kwana uku suka yi a Old Trafford. Cikin kaset arba’in da uku, tara sun riga sun mutu a cikin tsummansu, zaren ya manne ya yi fumfuna, ba a san ma shekarar da suka cika ba. Falalu ya jera su gefe guda, ya kira sunan kowane tsoho, ya yi masa addu’a. Sauran suka shiga wani ɗan abu da bai kai ɗan yatsa ba. Bobai ya miƙa masa, ya auna shi a tafin hannu, ya ce wannan ko ƙwayar gyaɗa ta fi shi nauyi, ya sa Raki ta ɗinke shi cikin aljihun rigarsa.

Ranar Laraba ya je wajen supervisor ɗinsa, wata farfesa mai gajeren gashi da ba ta cika dariya ba. Ya faɗa mata komai, bai rage ba, ya kunna mata. Ta saurari kogin, ta saurari ƙwas ɗin, ta saurari zakara. Ta tambaya wace ce wannan. Ya ce mahaifiyarsa ce. Ta ce me take cewa? Ya fassara mata har wajen ƙosai. Farfesa ta juya ta kalli taga na ɗan lokaci, kafaɗunta na rawa, sannan ta juyo ta ce maganar Tsoho Hamani za ta iya zama a littafin a matsayin abin da ya rubuta da hannunsa a lokacin, amma ba za ta ɗauki nauyin babi ba. Sai ya koma cikin sauran muryoyin ya ga abin da za su iya ɗauka.

A nan ne Falalu ya yi abin da bai yi ba shekara ashirin: ya zauna ya saurari tsofaffinsa. Ashe a wancan lokacin, da ya samu maganar da ta yi masa daɗi, sauran bai ba su kunne sosai ba. Biyu sun faɗi abin da ya yi kusa da na Hamani. Wani a Tilaberi ya ce sam ba girman kai ba ne, bindiga ko an samu, albarushi daga ina, wa zai gyara in ta lalace? Wata tsohuwa kuma ta ce su dai abin da suka ji, ’ya’yan sarki ne suka cinye junansu da rigima tun kafin baƙo ya iso. Babin da ya shiga da ƙirji a buɗe yana cewa ga dalili, ya fito yana cewa ga abin da wane ya ce, ga abin da wance ta ce, ga iyakar abin da na sani. Shafi sittin suka koma ashirin da biyu. Matar da ke buga masa ta tafi hutu, don haka da kansa ya buga, da yatsa biyu, kamar kaza na tsattsagar tsaba, Raki na gefe tana karanto masa rubutun hannunsa. Wannan ne hukuncin da ya yanke mata, ita kuma ta ce da ta san haka ne da ta aika akwatin duka Jidda. Ranar Lahadi ɗalibai suka zo suka ci tuwo da cokulansu a hannu har suka gama, babu wanda ya ƙwace, wani ma ya ce abincin bai yi masa daɗi ba.

Ya miƙa saura kwana biyu. Aka yi mako uku ba labari, ya rame har takalmin angwanci ya fara yi masa yawa. Ranar wata Talata da hantsi saƙo ya shigo wayar Raki, don adireshinta ya bayar. Ta buɗe, ya tsaya a bayanta yana cewa ta karanta a hankali kada ta goge wani abu. Dattijon Baturen ya rubuta layi uku. Ya ce sabon babin ya fi tsohon gaskiya, ya amince, a ba shi digirinsa. A ƙasa ya ƙara tambaya ɗaya: a jerin waɗanda aka ji ta bakinsu, a ƙarshen littafi, ya ga lamba ɗaya da suna biyu, kuskure ne?

Falalu ya karɓi wayar da kansa, ya share minti goma yana neman haruffa, ya amsa cewa ba kuskure ba ne, a bar shi yadda yake. Duk wanda ya je library ɗin ya buɗe shafin ƙarshe zai gani:

Kaset na 17. Hamani, Ayoru, 2004, minti huɗu. Kubura, Gwarzo, 2006, minti arba’in da ɗaya.